Kafin Ka Sayi Wani Bakin Injekta, Leƙa Cikin Naka Tukuna

Wata safiyar Janairu, irin wadda hazo ke rufe duwatsun Jos har ba ka hango ƙarshen layinku, wata Hajiya ta shigo garejinmu a Farin Gada da Corolla ƙirar 2006, ƙafa ɗaya kan birki, ɗaya kan totur. Tun kafin ta fito na san abin da ke tafe da ita. Duk wanda ka ga yana tuƙa mota mai giyar otomatik da ƙafa biyu, to motarsa ba ta riƙe silo, wato juyin da inji ke yi shi kaɗai in ba a taka totur ba, tsoro yake ji kada ya ɗaga ƙafa ta mutu.

Ta ce, "Malam, jiya sau uku tana mace mini tsakanin Taminus da Gada Biyu. Da na taka birki a cunkoso sai ta hau karkarwa ta ɗauke. An ce bakin injekta ne ya tashi aiki, wai sai an sayo wani."

Na ce, "Hajiya, wa ya buɗe ya duba?"

Babu wanda ya buɗe. An dai kasa kunne an saurari inji, aka yanke hukunci.

Na sa yaro ya kwance baƙin tiyon iska, na haska tocilan ciki, na kira ta ta gani da idonta. Zobe ne baƙi ƙirin ya kewaye maƙogwaron, daidai inda faifan ƙarfen ke rufewa, mai danƙo kamar kunkunniyar madafa. Na lakata da ɗan yatsa na nuna mata. Aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma abin da ya ci bai wuce gwangwanin feshi ɗaya da tsohuwar singileti ba.

Na koyi wannan sana'a a zamanin kafireta, kan Peugeot 504 da 505, kuma na ga yadda injekta ta zo ta ruɗa mu. Abin da zan faɗa a nan na motar fetur ne, kuma mai mota da ke da haƙuri da sifana biyu zai iya yin mafi yawansa a ƙofar gidansa.

Totur iska yake bayarwa, ba mai ba

Sunan ne ke ɓatar da mutane. Abin da muke kira bakin injekta, wasu su ce totur bodi, a yawancin motocin da ke kan titi yanzu ko ɗigon mai ba ya bi ta cikinsa. Akwai tsofaffi 'yan kaɗan, irin wasu Golf 3, da injekta guda ke zaune a samansa, amma waɗannan daban ne. A sauran, ƙofar iska ce kawai.

Buɗe bonet ka bi hanyar da ido. Iska na shiga akwatin filta, ta wuce wata 'yar na'ura mai soket da ke auna yawanta, ta bi baƙin tiyo mai lanƙwashe-lanƙwashe, sannan ta iso wani maƙogwaro na alminiyam mai faɗin bakin ƙaramin gwangwanin madara. Shi ne bakin injekta. A cikinsa akwai faifan ƙarfe da aka ɗaura kan sanda, yana juyawa. Ka taka totur ya buɗe, ka ɗaga ƙafa ya rufe. Ƙwaƙwalwar mota, wadda muke ce wa birenbos, ita ke duba yawan iskar da ta shiga, ta auna man da ya dace da ita ta umarci injektoci su fesa. Ma'aunin da take bi shi ne kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na fetur. In ka lissafa, kowace lita ɗaya da ka saya a gidan mai sai ta haɗu da iska wajen lita 9,000 kafin ta ƙone. Duk wannan iskar ta nan take bi. Yanzu ka tuna irin iskar da muke shaƙa daga Disamba zuwa Fabrairu.

Ga wurin da nake so ka riƙe, domin shi ne zai hana a cuce ka. In mota na gudu a babban titi, faifan a wangale yake, ɗan dattin gefe bai dame shi da komai ba. Amma in tana tsaye a silo, inji na juyi 650 zuwa 800 a minti, kafar da iska ke bi ba ta fi kaurin farce ba. Datti kaɗan ya isa ya cinye rabinta. Saboda haka ciwon dattin bakin injekta a silo yake bayyana, da kuma farkon taɓa totur: karkarwa in an tsaya, allurar juyin inji na hawa tana sauka, mutuwa in an taka birki ko an kunna esi ko an murɗa sitiyari har ƙarshe, ɗan jinkiri ko fizga lokacin tashi daga tsaye. In kuwa motarka silonta lafiya lau amma ba ta da ƙarfi a hawa, ko tana shaƙewa in ta kai gudu, ka bar bakin injekta ya huta. Nemi famfon mai, fulogi, koyil, ko salansa da ta toshe.

Wani abu kuma da mu mutanen Jos ya kamata mu sani: garin nan yana sama da mita 1,200 daga matakin teku, iskarsa ba ta da nauyin ta Legas. Motar da ba ta da tobo tana rasa wajen kashi goma cikin ɗari na ƙarfinta a nan, lafiyarta ƙalau. Sau da yawa mutum zai ɗauko sabuwar Beljiyam daga kudu, ya haye Hawan Kibo da lodi, ya iso yana cewa a wanke masa bakin injekta domin mota ta yi sanyi. Ba abin da ya same ta. Tudu ta hau.

Dattin kansa daga wuri biyu yake zuwa. Akwai tururin baƙin mai da ke tashi daga cikin inji, wanda aka tsara a mayar da shi hanyar iska ya ƙone maimakon a sake shi waje. Wannan shi ne maiƙon. Sai ƙurar da ta tsallake filta ta zo ta manne a kai. Wasu injunan kuma suna mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji daga bakin injekta, ya ƙara nasa baƙin. Inji in ya tsufa, ringi suka saki, ko aka cika baƙin mai ya haura alama, tururin sai ya yi yawa, bakin injekta ya riƙa yin baƙi da wuri.

Naka mai waya ne ko mai lantarki?

Kada ka taɓa komai sai ka amsa wannan. Sa wani ya taka totur, mota a kashe, kai kuma kana kallo. In ka ga wata wayar ƙarfe irin ta birkin keke tana jan wani ɗan gargare a gefen bakin injekta, naka mai waya ne. Camry ɗin da ake ce wa fensir haka take, da Corolla ta 2003 da 2004 'yar Amurka. Irin wannan yana da wata 'yar na'ura a ƙasa ko a gefe mai kula da silo: in faifai ya rufe, ita ke buɗe wata ƙaramar hanya ta bayan fage iska ta wuce. Sau tari ita ce ke toshewa, ba faifan ba.

In ba ka ga waya ba, sai wani baƙin murfin roba a gefe da soket mai fil shida ko makamancin haka, naka mai lantarki ne. Corolla daga 2005 da Camry daga 2002, 'yan Amurka, haka suke. A nan ƙafarka ba ta da wata alaƙa da faifan sai ta saƙo. Fedar totur na gaya wa birenbos iya inda ka taka, ita kuma ta sa wani ƙaramin moto ya juya faifan ta hanyar wasu haƙoran roba da ke ƙarƙashin baƙin murfin nan. Babu na'urar silo daban, moton ne ke riƙe faifan a ɗan buɗe. Kuma in mota na kashe za ka ga faifan bai rufe ruf ba, akwai 'yar kafa. Haka aka yi shi, domin ko lantarkin ya yanke mota ta iya rarrafawa zuwa gefen hanya. Na ga wanda ya ɗauka lalacewa ce ya nemi ya danne shi.

Mai lantarkin nan ya taɓa koya mini darasi da kuɗin aljihuna. Na farko da ya fara shigowa hannuna, na kwance shi na tsoma a kwanon fetur kamar yadda muka saba yi wa kafireta, na bar shi ya jiƙa, na sa sukudireba ina kaɗa faifan yana komawa da ƙarfi, ƙas, ƙas, ina jin daɗin yadda ya yi fes. Muka ɗaura. Mota ta tashi, fitilar cek injin ta kama, ka taka totur har ƙasa ba ta wuce tafiyar amalanke. Fetur ya shiga ƙarƙashin murfin ya wanke giris ɗin haƙoran, ya jiƙa na'urar da ke karanta matsayin faifan. Mai motar, wani dattijo, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, da ƙafarta ta zo." Washegari na tafi Dilimi na sayo wani da kuɗina. Garin neman gira na rasa ido, kuma tun daga ranar ba a sake tsoma bakin injekta a fetur a garejina ba.

Wankin

Ka tanadi gwangwanin feshin da aka rubuta na bakin injekta ne, tsumma mai laushi wanda ba ya zubar da zare, tsohon buroshin haƙori, sukudireba, filaya, sifana lamba 10 da 12, da tocilan. Feshin kafireta ya fi zafi, kuma wasu maƙogwaron an shafe cikinsu da wani siririn rufi mai hana datti kamawa wanda feshi mai zafi ke cinyewa. Wasu motocin Ford ma har takarda ake mannawa a jiki cewa kada a wanke. In ka ga irin wannan gargaɗi, tsumma mai ɗan danshi kawai za ka sa, a hankali. Sanfefa, buroshin ƙarfe da wuƙa kuwa ba su da aiki a nan ko kaɗan. Duk ƙarzar da ka yi wa gefen faifai ko bangon maƙogwaro ƙarin kafar iska ce da ba za ta taɓa rufewa ba.

Inji ya zama ya huce. A yi aikin a fili, nesa da mai shan taba da murhun mai shayi, domin feshin nan kamar fetur yake kama wuta.

Ka zare makulli, ka cire kan batir na nagetif. In Honda ce tsohuwa, tabbatar kana da lambar sirrin rediyonta kafin ka cire, in ba haka ba za ka gyara silo ka koma gida babu labaran rana. Sannan ka sassauta zoben ƙarfen da ya ɗaure tiyon iska a bakin, ka zare 'yan ƙananan tiyon da ke manne da shi, ka janye shi gefe. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka zare komai. Ni da na shekara ashirin da ɗoriya a kai har yanzu ina yi.

Tiyon nan yana hannunka, kada ka ajiye shi tukuna. Lanƙwasa shi ka duba cikin kowane ninki, musamman ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Tsaga ɗaya a nan na shigo da iskar da na'urar awo ba ta ƙidaya ba, kuma alamominta kusan ɗaya ne da na datti. Na sha ganin an wanke bakin injekta sau biyu, an canza fulogi, alhali tsagar tiyo ce da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Yanzu kana da zaɓi biyu. Ko ka wanke shi a inda yake, ko ka kwance shi gaba ɗaya. Ni na fi son kwancewa, domin mafi munin dattin a bayan faifai yake, ɓangaren da ke kallon inji. Yawanci notuna huɗu ne ke riƙe da shi. Ka zare soket ta hanyar danna 'yar maƙallarsa, ba da jan waya ba. Za ka ga wasu siraran tiyo biyu na ruwan lagireto sun shiga jikinsa. Sau da yawa ba sai ka cire su ba, kana iya karkato shi ka yi aikinka suna manne. In gaskit ɗin takarda ne ya yage, sai sabo. In na roba ne kuma bai taurare ba, ana iya mayar da shi. Kada ka cike gurbinsa da gam mai yawa, rarar na iya tsinkewa ta shige inji.

Fesa a kan tsumma, ba cikin maƙogwaro ba. Wannan ita ce ƙa'idar da nake maimaita wa yarana har sun gaji da ji. Goge bangon, ka bi zoben baƙin nan kewaye, ka sake fesa wa tsumma, ka sake bi. Sannan ka tura faifan da ɗan yatsa, sannu a hankali, ka riƙe shi a buɗe, ka goge bakinsa gaba da baya da kuma kusurwoyin nan biyu inda sanda ta shiga bango, da buroshin haƙori. In mai lantarki ne za ka ji ɗan nauyi da 'yar ƙarar haƙora yayin da kake turawa. Ba komai, muddin ba ka yi gaggawa ba, kuma in za ka saki ka raka shi da yatsa har ya koma, kada ka bari sifirin ya maka shi. Ka riƙe shi yadda baƙin murfin zai kasance a sama, domin duk ruwan da ya zubo ya gangara nesa da moton. Murfin kansa kada ka buɗe.

Wasu na barin makulli a buɗe, su sa yaro ya danne feda domin faifai ya tsaya a wangale su sa hannu. Ba na yi, kuma ba na bari a yi. Moton nan ƙarami ne amma in ƙafar yaron ta zame, ko birenbos ta ga dama ta rufe, gefen faifan na iya datse yatsa.

In mai waya ne, saura na'urar silo. Fesa kaɗan cikin 'yar ramin da ke gaban faifai, ka bar shi ya jiƙa, ka zazzage, ka maimaita har ruwan ya daina fitowa baƙi. In za ka kwance ta, ka sani sukurorinta suna da laushin kai, sukudireba da bai zauna daram ba zai cinye su nan take.

Na'urar auna iskar da ke kusa da akwatin filta kuwa, kada wannan feshin ya kusance ta. A cikinta akwai wata waya siririya kamar gashi, tana da nata feshin daban, kuma ba a taɓa ta da tsumma ko tsinke.

Bar komai ya bushe minti goma. Mayar da shi, ka ɗaura notuna da hannu tukuna, sannan ka ƙara musu da sifana a gicciye, wannan kusurwa sai mai kallonta, kaɗan-kaɗan. Manifol ɗin motoci da yawa yanzu na roba ne, ƙarfin tuwo fasa shi yake yi. Mayar da soket har ka ji ya ce ƙyas, mayar da tiyo, duba hoton wayarka, sannan batir.

Inda ake ɓata aikin bayan an gama shi

Ka tayar. Wataƙila ta ɗan yi gardama, ta yi tari, ta fitar da farin hayaƙi na 'yan daƙiƙoƙi. Ragowar feshi ne ke ƙonewa. Sai kuma ka ga allura ta haye 1,500 ko ma 2,000 ta tsaya, ko tana hawa tana sauka. A nan hankalin mai mota ke tashi, a nan kuma bakanike mai gaggawa ke yin gyaran gangar Auzinawa.

Abin da ya faru shi ne, shekara da shekaru datti na taruwa, birenbos na ƙara buɗe faifan kaɗan-kaɗan domin ta rama iskar da ake tauye mata, tana kuma ajiye wannan a ƙwaƙwalwarta. Yau ka share dattin cikin minti ashirin, ita kuwa ba ta sani ba, tana nan tana buɗewa irin ta jiya. Sai ta sake koyo.

A Toyota ga yadda nake yi. In murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ban tayar ba, ban taɓa feda ba, in jira kamar rabin minti, in kashe, sannan in tayar. In bar ta a silo, esi da fitilu da rediyo duk a kashe, har ta yi zafi fanka ta kama, in ƙara mata minti goma. Sannan in kunna esi na 'yan mintoci, in sa giya a D ƙafa kan birki na 'yan mintoci, sai in fita da ita zagaye inda akwai tsaye-tsaye, ba babban titi ba. Wani lokaci sai an yi kwana biyu ana hawa kafin ta kwanta sarai. Honda na son a riƙe inji a juyi 3,000 har fanka ta kama, sannan a sake shi a silo minti biyar ba a kunna komai ba, kuma masu lantarkin cikinsu sukan buƙaci a sa kwamfuta a goge tsohon abin da suka haddace. Volkswagen ma sai da kwamfuta.

Nissan masu lantarki na shekarun 2000 kuwa rawar ƙafa ce, kuma sai da agogo. Inji da zafi, komai a kashe, sitiyari a miƙe. Kashe mota daƙiƙa goma. Buɗe makulli ba tayarwa ba, jira daƙiƙa uku. Taka feda har ƙasa ka saki, sau biyar cikin daƙiƙa biyar. Jira daƙiƙa bakwai. Danne ta har ƙasa ka riƙe wajen daƙiƙa ashirin, fitilar cek injin za ta yi ta ƙiftawa sannan ta tsaya a kunne. Cikin daƙiƙa uku da tsayawarta ka saki, ka tayar. In ka kuskure ƙidaya, ka sake daga farko. Ni kaina ba kasafai nake samu a karon farko ba.

Abin da ba a yi shi ne taɓa ɗan sukurun nan da ke tare faifai, wanda galibi aka ɗiga wa fenti a kai. Mu 'yan zamanin kafireta hannunmu ƙaiƙayi yake in muka gan shi, domin da can da irinsa muke saita silo. Wannan ba shi ba ne. Daga masana'anta aka auna shi, kuma da matsayinsa birenbos ke sanin ina ne rufe. Ka murɗa shi silo ya yi daɗi yau, gobe giya ta fara shiga da duka, shan mai ya ƙaru, kuma babu mai iya mayar da shi daidai da ido. A bar kaza cikin gashinta.

Haka tiyon ruwan nan biyu. Aikinsu ɗumama maƙogwaron, kuma a wasu masu waya zafin ruwan na taimaka wa na'urar silo ta sauko da juyin inji bayan ɗumin safe. Ana yawan yanke su a haɗe, kamar yadda ake cire tamostat a jefar wai ƙasarmu da zafi. Mai faɗin haka bai kwana Jos a Janairu ba. Motar da aka cire wa tamostat takan daɗe ba ta kai zafin aikinta ba, birenbos na ganin har yanzu safiya ce, ta riƙe silo a sama tana ƙara mai, a zo kuma a ɗora wa bakin injekta laifi.

In da gaske ya mutu

Yana mutuwa, ba na musu. Amma ba da kunne ake ganewa ba. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake sa kwamfuta. Ka sa a karanta maka, kuma ka nemi a nuna maka lambar da idonka, ka rubuta. P0505, P0506 da P0507 maganar silo suke yi, kuma sau da yawa datti ne ko iska mai shiga ta ɓarauniyar hanya. P0171 na cewa iska ta fi mai yawa: nemi tsagar tiyo, gaskit ɗin manifol da ya taurare, wanda ya fi nuna hali da sanyin asuba, ko na'urar awo mai datti. P0120 zuwa P0123 na nuni ga na'urar da ke karanta matsayin faifai ko wayoyinta. P2135 na nufin na'urorin biyu da ke cikin mai lantarki sun saɓa wa juna, P2111 da P2112 kuma faifai ya maƙale a buɗe ko a rufe.

Ko waɗannan na ƙarshe ka gani, kada ka yi saurin zuwa kasuwa. Zare soket ka haska ciki. In ka ga kore-kore a kan fil, ruwa ne, galibi daga wankin inji da injin feshi mai ƙarfi. Rewaya mai hankali zai tsabtace shi ya bi wayoyin. A gwada batir da wayar as, wadda ke haɗa batir da jikin mota, domin wuta in ta yi ƙasa mai lantarki kan rikice ya kawo lambobin da ba nasa ba. A mai waya, na'urar matsayin faifai ana auna ta da mita: wajen rabin folt a rufe, ta hau sumul har wajen folt huɗu da rabi a wangale. In lambar na tsalle ko tana ɗaukewa a tsakiya, ita kaɗai za a canza, ba dukan bakin ba.

In ta tabbata sai an saya, tafi da tsohon a hannu. Lambar da ke jikinsa ta dace, soket ya dace, ba kamannin fuska kawai ba. Kama faifan ka girgiza: in sandar na wasa a cikin raminta, ajiye. Kuma ku yi magana da mai shago tun kafin kuɗi su fita, cewa sai an ɗaura an gwada.

Sau nawa ake wankewa? Ni ba na bin lissafin wata. Sau ɗaya a shekara, in hunturu ya wuce, wajen Maris, a cire tiyo a leƙa. In ɗan dusu-dusu ne kuma silo lafiya, a mayar a rufe. Masu cewa a wanke duk lokacin juyen baƙin mai aiki suke nema wa kansu. Abin da ke buƙatar ido akai-akai shi ne filta. Ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta, in haske ba ya ratsowa ta gama. Kada a wanke ta takarda da ruwa, kada kuma a hure ta da iskar kwamfireso mai ƙarfi, domin tana buɗe ƙofofin da ido ba ya gani.

Kafin Hajiya ta tafi ranar nan na yi gwajin da nake yi wa kowace mota: na zura yatsa cikin tiyon, ɓangaren da ke bayan filta, inda ya kamata a ce fes yake, na shafo. Yatsana ya fito da jar ƙura. Muka buɗe akwatin. Filtar sabuwa ce fil, amma ba ta motar ba ce, ta gaza da kusan faɗin yatsa a gefe ɗaya, maƙalli ɗaya kuma ya karye an ɗaure murfin da robar tayar babur. Na aiki yaro ya sayo wadda ta dace da maƙalli, na juya tsohuwar na nuna mata gefen da ƙura ta yi wa hanya.

Ta ce, "To Malam, wannan fa, a jefar?"

Na ce ta bar mini ita. Tana nan rataye a ƙusa bakin ƙofar gareji, ina nuna wa sababbin yara.